Sharhi: Gidan Haya a Titin Wendover, Lissafi Kafin Karɓar Makulli

Yau za mu leƙa ƙasar Amurka, jihar Karolina ta Arewa, birnin Greensboro, domin mu duba wata magana da ta yi yawa a bakin 'yan uwanmu mazauna can, har ta fara tsallakowa gida ta wayar salula. Maganar ita ce ta sayen gida a zuba 'yan haya.

Greensboro birni ne da ƙidayar 2020 ta nuna yana da mutum 299,035, shi ne na uku a jihar bayan Charlotte da Raleigh. 'Yan Nijar, Hausawa da Zabarmawa, sun daɗe da mayar da shi masauki, ga kuma 'yan Najeriya da Sudan da Kwango. Wasu na aikin masana'anta, wasu na tuƙi, wasu sun buɗe shaguna. Mutum ya shekara goma yana biyan haya duk ranar ɗaya ga wata, ya tara ɗan abin da ya tara, wataƙila ma ya kwashi adashe, dole wata rana zuciya ta raya masa cewa shi ma lokaci ya yi da zai koma mai karɓa. Wannan tunani ne mai kyau, kuma da shi aka raine mu. Bahaushe ya yarda da ƙasa da gini fiye da kowace irin ajiya.

Wanda ke son ya fahimci kasuwar gidaje a wannan birni, ya bi titin Wendover daga wannan kai zuwa wancan. Ta yamma, wajen da ya haɗu da babbar hanyar I-40 ya nufi High Point, manyan kantuna ne a jere, su Costco da Walmart da Home Depot, ga filayen dillalan motoci, ga rukunonin gidajen haya na manyan kamfanoni a bayansu. Ka juyo gabas, ka wuce kusa da asibitin Moses Cone, ka isa wajen titin Summit, sai ka shiga tsofaffin unguwannin ma'aikatan masaƙa. A nan ne masaƙun iyalan Cone suka ciyar da dubban mutane, kuma babbarsu, White Oak, wadda ta fara aiki a 1905 tana saƙa yadin wandon jins, an rufe ta a ƙarshen 2017. Gidajen wannan ɓangare ƙanana ne, tsofaffi ne, farashinsu kuma ya fi sauƙi. Arahar tana da tarihi. Gabashin birnin ne mazaunin yawancin baƙaƙen fata, kuma shekara da shekaru bankuna da hukumomi suna ƙyamar zuba kuɗi a irin waɗannan unguwanni.

To, mai ƙaramin jari, can gabas idonsa ke faɗawa. Kuma yana da hujja, domin masu neman haya ba su yankewa. Ga ɗaliban jami'ar A&T da na UNCG, ga ma'aikatan filin jirgin sama inda Honda ke ƙera ƙananan jirage, ga masana'antar batir da Toyota ta gina a Liberty, kudu maso gabas da birnin. Sai dai yawan masu neman haya bai isa ya tabbatar wa kowa riba ba.

Abin da nake son masu sauraro su riƙe a yau guda ɗaya ne. Mai gidan da ya yi kuskuren lissafi ranar saye, shi ne wanda gobe zai kasa gyara rufin da ke yoyo, shi ne wanda zai garzaya kotu da zarar ɗan haya ya makara. Galibin zaluncin da ake yi wa 'yan haya daga mummunan lissafi yake farawa. Saboda haka lissafin gaskiya shi ne ke tsare dukiyarka, shi ne kuma ke tsare haƙƙin bayin Allah da za su kwana a ƙarƙashin rufinka.

Mu ɗauki alƙalami mu buga misali, kuma misali ne kawai, kowa ya sa nasa alƙaluman. A ce ga gida mai ɗaki uku a wata unguwa kusa da Wendover ta gabas, an saye shi dala 200,000, ana ba da shi haya dala 1,500 a wata. A shekara ya kama dala 18,000. Wanda ya ji wannan adadi ya juya shi zuwa naira ko sefa, sai ya ga kamar ya gama da talauci. To, a dakata.

Farko akwai harajin gida. A 2024, idan aka haɗa na gundumar Guilford da na birnin Greensboro, ya kai kimanin dala 1.40 a kan kowace dala 100 ta ƙimar da hukuma ta yi wa gidan. Idan ƙimar ta zo daidai da kuɗin saye, dala 2,800 ke nan. Kuma gunduma takan sake ƙimanta gidaje lokaci zuwa lokaci, kamar yadda ta yi a 2017 da 2022, harajin ya motsa. Sai inshora, mu sa dala 1,200. Kada wani ya ce zai yi tsimi a nan: ranar 15 ga Afrilu 2018 guguwa ta ratsa gabashin Greensboro ta lalata ɗaruruwan gidaje cikin 'yan mintoci. Sai gyare-gyare, mu ware dala 2,000 a shekara. Sai watan da gida zai zauna babu kowa tsakanin fitar wannan da shigar wancan, dala 1,500. Idan kuma ka ɗauki kamfanin da zai kula maka da gidan, yawanci kashi 8 zuwa 10 cikin 100 na haya suke yanka, mu ce dala 1,650. Jimilla dala 9,150. Abin da ya rage a hannunka dala 8,850, wato bai kai kashi 5 cikin 100 na jarinka ba, idan da kuɗinka ka saya lakadan.

Idan kuwa da bashi ne, sai labari ya sake. A ce ka ajiye dala 50,000, banki ya ba ka 150,000 na shekara 30. A farkon 2021, lokacin da kuɗin ruwan bashin gida ya sauka ƙasa da kashi 3, biyan wata zai tsaya wajen dala 630, ka tsira da ɗan canji. Amma zuwa Oktoban 2023 ruwan ya kusa kashi 8. A kan kashi 7, biyan wata ya kusa dala 1,000, kusan 12,000 a shekara. Ka ga gidan da ka saya don ya ciyar da kai, kai ne za ka riƙa ciro fiye da dala 3,000 daga albashinka duk shekara kana ciyar da shi. Gida ɗaya, titi ɗaya, haya ɗaya, amma wanda ya saya a 2021 da wanda ya saya a 2023 ba ciniki ɗaya suka yi ba. Don haka idan wani ɗan uwa ya ba ka labarin ribar da yake ci, tambaye shi shekarar da ya saya.

Nan ne kuma maganar riba ta addini ke shigowa, domin da yawa daga cikinmu ba za su taɓa bashi mai ruwa ba. A Amurka akwai kamfanonin da ke ba da kuɗin gida bisa tsarin Musulunci, irin su Guidance Residential da UIF da Lariba. Wasu na bin tsarin tarayya, ku mallaki gidan tare, kana sayen kasonsu kaɗan-kaɗan kana biyan hayar abin da ya rage nasu. Wasu kuma su saya su sayar maka da riba sananniya. Mai sha'awa ya tambaye su ko suna yi wa gidan da za a ba haya, ya kai takardun ga malamin da ya amince da shi, sannan ya sani cewa abin da zai biya duk wata ba ya nisa da na banki. Lissafin da muka yi ɗazu yana nan daram.

Akwai wata ƙofa da ta fi dacewa da mai farawa. Mutum ya sayi gini mai sassa biyu zuwa huɗu, ya zauna a ɗaya, ya ba da sauran haya. Ta tsarin lamunin gwamnatin tarayya da ake kira FHA, kafin alƙalamin na iya sauka zuwa kashi 3.5 cikin 100, alhali mai sayen gidan haya zalla ana neman kashi 15 zuwa 25 a hannunsa. Amma kada mutum ya rubuta cewa zai zauna a gida alhali ya san haya zai ba da shi gaba ɗaya. Wannan zamba ce a dokar tarayya, kuma ga baƙo tana iya janyo abin da ya fi asarar gida.

Yanzu sai ranar ciniki. A Karolina ta Arewa akwai wata al'ada da ke ba baƙi mamaki. Da zarar an ƙulla ciniki, mai saye yakan miƙa wa mai gida wani kuɗi na lokacin bincike, kuma idan ya fasa, wannan kuɗi ya tafi ke nan. Abin da ya saya da shi shi ne 'yan kwanakin da zai duba gidan ciki da bai. Kada a yi wasa da kwanakin nan. A kira mai duba gini mai lasisi, kuma a je a tsaya a kansa. Yawancin tsofaffin gidajen can na katako ne, an ɗaga su sama da ƙasa kaɗan, an bar wani ɗan rami a ƙarƙashi. Za ka ga mai dubawa ya sa rigar aiki, ya ɗaura tocila a goshi, ya shiga ramin da jan ciki. Yana tafe yana soka sukudireba a jikin katakan da ke ɗauke da daɓen. Inda ƙarfen ya nutse kamar a cikin burodi, to gara ta riga ka, ko danshi ya ruɓar da itacen. Daga nan ya hau rufi, ya buɗe akwatin wutar lantarki, ya karanta shekarar da ke jikin na'urar ɗumama ɗaki da tukunyar ruwan zafi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, ranar da ya mutu, dubban daloli ne. Wanda ya sayi gida ta hoton waya ya yi cinikin biri a sama.

Idan an gina gidan kafin 1978, dokar tarayya ta wajabta a sanar da mai saye, kuma kai ma ka sanar da ɗan haya, game da haɗarin fenti mai dalma. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ƙananan yara a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani.

Lauya ne ke rufe cinikin gida a wannan jiha. Shi zai bi tarihin mallakar, ya tabbatar babu bashi ko jingina a kan gidan, sannan ya kai takardar ofishin rajistar gunduma. A can, wanda ya riga yin rajista shi doka ta sani. Ina jan kunnen 'yan uwan da ke haɗa kuɗi su uku ko su huɗu, a rubuta sunan mutum ɗaya saboda shi ne babba ko shi ne mai cikakkun takardu. Zumunci ba ya hana rubutu. Ko dai a sa sunan kowa, ko a buɗe ƙaramin kamfani a fayyace kason kowa, tun ana ga maciji da juna.

Yanzu mun iso ga zaman mai gida da ɗan haya.

A Kano ko Kaduna mun saba mai gida ya karɓi kuɗin shekara a dunƙule, dillali ya ɗauki la'adarsa, idan rigima ta taso a fara da mai unguwa. Wani mai gidan ma idan ransa ya ɓaci sai ya cire ƙyaure ko ya kware rufi. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A Karolina ta Arewa, babi na 42 na dokokin jiha ya tsara komai. Haya wata-wata ake biya. Kuɗin ajiyar da za ka karɓa yana da iyaka: na wata ɗaya da rabi idan zaman wata-wata ne, na wata biyu idan yarjejeniyar ta fi haka tsawo. Kuɗin nan amana ce, a asusu na musamman ake ajiye shi, ko a yi masa takardar lamuni daga kamfanin inshora, kuma cikin kwana 30 dole ka sanar da ɗan haya inda yake. Ranar da ya tashi, kana da kwana 30 ka mayar masa, ko ka rubuta masa dalla-dalla abin da ka cire. Tarar makara ba ta hawa sai haya ta yi jinkirin kwana biyar, kuma ba ta wuce dala 15 ko kashi 5 cikin 100 na hayar wata, duk wanda ya fi yawa.

Idan ɗan haya ya daina biya, ba ka da ikon canza kwaɗo, ko yanke masa ruwa da wuta, ko fitar masa da kaya waje. Ka nemi kuɗinka, a ƙa'ida ka ba shi kwana 10, sannan ka shigar da ƙara gaban majistare. Ko ka yi nasara, yana da kwana 10 na ɗaukaka ƙara. Bayan haka ne kotu za ta ba da takarda, jami'in ofishin sherif na gunduma ya zo da kansa a rufe gidan. Duk tsawon wannan lokaci haraji da inshora da bashi ba su tsaya jiranka ba, shi ya sa mai hankali ke ajiye kuɗin wata shida a gefe kafin ya karɓi makulli.

Wajen zaɓen ɗan haya ma akwai iyaka. Dokar tarayya ta 1968, da gyare-gyaren da aka yi mata daga baya, ta hana wariya saboda launin fata, ko addini, ko ƙasar asali, ko jinsi, ko naƙasa, ko don mutum yana da yara. Kalaman da muka saba ji a gida, irin su sai Musulmi, ko sai ɗan ƙasarmu, ko ba na son mai yara, suna iya kai mutum gaban hukuma idan ya sa su a talla. Ka duba albashin mai nema da tarihin biyansa, ka auna kowa da mudu ɗaya. Kuma mu tuna, wannan doka ce ta buɗe wa 'yan uwanmu ƙofa ranar da suka sauka birnin ba su san kowa ba.

Dokar jiha ta kuma ɗora wa mai gida nauyin ya riƙe gida a yanayin da ɗan Adam zai iya zama: wutar lantarki lafiya, famfo lafiya, na'urar ɗumama ɗaki tana aiki, ƙararrawar hayaƙi a maƙale tana aiki. Mutanen Greensboro sun san muhimmancin wannan. Ranar 12 ga Mayu 2018, gobara ta tashi a wani rukunin gidajen haya da ke kan titin Summit kusa da Cone Boulevard, arewa da Wendover. Yara biyar 'yan gida ɗaya suka rasu, 'ya'yan wasu 'yan gudun hijira daga Kwango da suka tsere wa yaƙi. Bayan haka masu binciken birni suka shiga gidajen suka tarar da ɗaruruwan abubuwan da suka saɓa ƙa'ida, har aka yanke cewa mafi yawansu ba su cancanci zama ba. A shekarar ce kuma cibiyar Eviction Lab ta jami'ar Princeton ta fitar da alƙaluman da suka sa Greensboro a matsayi na bakwai cikin manyan biranen Amurka wajen korar 'yan haya, inda a 2016 aka kori sama da gida 8 cikin kowane 100 na masu haya.

Waɗanda ke zaune a gidajen araha na gabashin birnin su ne sababbin zuwa, masu ƙaramin albashi, waɗanda Turancinsu bai nuna ba, masu tsoron kai ƙara. Yawancin masu tunanin saye a yau sun taɓa zama a wannan matsayi. Abin kunya ne babba a ce wanda jiya ya kwana cikin sanyi yana jiran mai gida ya gyara masa na'ura, yau shi ne ɗan haya ke kira ba ya ɗauka. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Gyara yana cikin cinikin tun ranar farko.

Sai ku masu sauraro da ke Kano ko Abuja ko Maraɗi ko Yamai, da ake kira ana cewa ku turo kuɗi a saya muku. Baƙo na iya mallakar gida a Amurka, amma mallakar ba ta ba shi biza ko izinin zama. Hukumar haraji ta tarayya tana iya riƙe kashi 30 cikin 100 na hayar gaba ɗaya, sai fa idan ya nemi lambar haraji ya zaɓi ya riƙa cike takardar shekara-shekara, a cire masa abin da ya kashe. Ranar sayarwa ana riƙe kashi 15 cikin 100 na kuɗin cinikin har sai an daidaita lissafi. Mafi nauyi shi ne gado: wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba mazauni ba, dala 60,000 kacal ake yafe masa, abin da ya haura ana iya yankar harajin da ya kai kashi 40. Sannan ka tambayi kanka wa zai amsa waya da tsakar dare idan bututu ya fashe a watan Janairu. A dokar jihar, mai kula da gidan wani don a biya shi sai yana da lasisin dillanci.

Mazauna can ma maganar gado ta shafe su. Wanda ya rasu bai bar wasiyya a rubuce ba, dokar jiha ce za ta raba gidansa, kuma rabonta daban yake da na Musulunci. A zauna da lauya da malami tun da sauran lafiya. Game da zakka kuwa, ra'ayin mafi yawan malamai shi ne ba a fitar da ita a kan ginin da aka ajiye don haya, ana fitarwa ne daga kuɗin hayar da ya taru ya kai nisabi ya shekara.

Ba ina hana kowa saye ba ne. Gidan haya na iya zama gadon alheri ga 'ya'ya da jikoki, kuma zan yi farin ciki in ga 'yan uwanmu sun mallaki gidaje a gabas da yammacin birnin nan. Roƙona shi ne, kafin ka sa hannu, ka rubuta duk abin da gidan zai ci a shekara, har da kuɗin sabon rufi da na ƙararrawar hayaƙi, ka kai wa wanda ba shi da la'ada a cikin cinikin ya duba maka. Idan lissafin bai fita ba sai an danne haƙƙin ɗan haya, to wannan gida ba rabonka ba ne, ka bar shi ka jira wani.

Allah ya sa wa dukiyarmu albarka, ya ba mu ikon riƙe amana.